Danƙo a cikin filastik: abin da ke sa wata roba ta jure bugu, wata kuma ta fashe

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, bokiti da kujera da bido da taya da hular kwano duk sunansu ɗaya ne: roba. A masana'anta kuwa abu biyu ne mabambanta. Akwai filastik, mai tauri, wanda ke narkewa a wuta a zuba shi a mazubi. Akwai danƙo, mai taushi, wanda ake ja ya miƙe, a sake shi ya koma yadda yake. Da yawa daga cikin kayan da ake amfani da su yau da kullum gami ne na waɗannan biyun: bangon cikin firigo, jikin telebijin, murfin gefen moto, bambar mota wadda makanikai ke kira parshok, da ɓawon hular kwano. Ana zuba danƙo a cikin filastik ne don kada ya fashe idan ya sha bugu. Sai dai yawan danƙon ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Yadda aka ƙulle zaruruwan danƙon da junansu, kaɗan ko da yawa, yana cikin manyan abubuwan da ke nuna ko kayan zai jure ko zai tarwatse.

Zaruruwan da ido ba ya gani

Filastik da danƙo duka dangin polimer ne, wato sinadaran da ƙwayoyinsu ke jere kamar dogon zare, dubban ƙananan gaɓoɓi iri ɗaya suna riƙe da juna. Bajamushen masanin sinadarai Hermann Staudinger ne ya kawo wannan bayani a 1920, aka daɗe ana musu da shi, daga baya ya samu lambar yabo ta Nobel a 1953. A cikin ɗan guntun roba, zaruruwan a cukurkuɗe suke kamar taliya a tukunya.

Abin da ya raba filastik da danƙo shi ne yadda zaruruwan ke motsi a zafin da muke rayuwa a ciki. Kowane polimer yana da wani mizanin zafi wanda a ƙasansa zaruruwan ke daskarewa, abin ya sandare kamar gilashi, a samansa kuma su samu damar motsi. Na polistiren yana wajen digiri 100, shi ya sa a zafin ɗaki yake a sandare, mai gautsi. Na PVC yana wajen digiri 80. Na danƙon itace kuwa yana wajen digiri 70 ƙasa da sifili, na polibutadiyen, danƙon da ake yi daga man fetur, ya fi haka ma ƙasa, wajen 90 zuwa 100 ƙasa da sifili. Ke nan ko a cikin sanyin hunturu ko a cikin firigo, zaruruwan danƙo suna nan a sake.

Danƙon itace ana tatsar shi daga bishiyar hebeya, wadda asalinta daga Barazil take. Tailan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi a duniya, a Afirka kuma Kodibuwa ce kan gaba. Amma yawancin danƙon da ake gamawa da filastik na masana'anta ne, daga man fetur da iskar gas.

Ƙarfi daban, juriya daban

A maganar yau da kullum ana cewa abu yana da ƙarfi a bar shi a haka. Injiniyoyi suna raba wannan kalma gida uku. Tauri shi ne ƙin lanƙwasuwa. Ƙarfi shi ne iyakar nauyin da abu zai ɗauka kafin ya saki. Juriya kuwa ita ce yawan bugun da abu zai shanye kafin ya karye. Tulun ƙasa yana da tauri, yana iya ɗaukar nauyi a kansa, amma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Salkar fata ba ta da tauri ko kaɗan, amma a jefar da ita sau goma ba za ta fashe ba.

Polistiren zalla, irin wanda ake yin gidan faifan CD da shi, tulun ƙasa ne. Yana ɗaukar jan da ya kai kilo 400 zuwa 500 a kan kowane santimita murabba'i, amma da ya miƙe da kashi 2 ko 3 cikin 100 na tsawonsa sai ya karye ƙas. Idan aka gama shi da danƙo kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ana samun abin da ake kira HIPS, polistiren mai jure bugu. Ƙarfinsa yana sauka zuwa kilo 200 ko 300, taurinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma yana iya miƙewa da kashi 30 ko 50 cikin 100 kafin ya tsinke, kuma bugun da yake shanyewa ya ninka na zallan sau da yawa. Wannan ita ce cinikayyar da ke cikin kowane gami: ana sayen juriya da wani kaso na ƙarfi da tauri. Aikin mai haɗa gamin shi ne ya samu juriya mai yawa ba tare da ya biya da tsada ba.

Ƙullin zaruruwa

Ɗanyen danƙo ba shi da amfani sosai. A zafi yana narkewa ya yi yauƙi, a sanyi ya ƙage. Idan aka ja shi aka riƙe, zaruruwan suna zamewa a kan juna, ba ya komawa yadda yake. A 1839 Ba'amurke Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa danƙo da farar wuta, halinsa yana canzawa: ya daina yauƙi, ya riƙa komawa siffarsa bayan an ja shi. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1844. A Ingila Thomas Hancock ya riga shi shigar da tasa takardar a ƙarshen 1843. Babu ɗayansu da ya san dalilin wannan canji, don a lokacin ba a san da zaruruwan ba.

Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin farar wuta suna gina ƴan gadoji tsakanin zare da zare. Tarin zaren da ke a sake sai ya zama raga, kamar komar masunta. Ana iya jan koma ta miƙe, amma ƙulle-ƙullenta ba za su bar zaruruwan su rabu ba. Ana yin wannan dahuwa a zafin digiri 140 zuwa 180. Ban da farar wuta, ana ƙulla danƙo da sinadaran peroksid, da wasu ƙaro na fenol, ko da hasken lantarki mai ƙarfi.

Yawan ƙullin shi ne ke juya komai. Farar wuta kashi 1 zuwa 3 a kan kowane kashi 100 na danƙo tana ba da danƙo mai taushi irin na taya. Idan aka kai kashi 30 ko sama da haka, ragar tana matsewa har ba abin da ke motsi, sai a samu ebonit, baƙin abu mai tauri da gautsi wanda a da ake yin akwatin batirin mota da shi. Danƙo ɗaya ne, bambancin yawan ƙulli ne kawai. Wannan ma'auni shi ne ke aiki a kan ƴan ƙwayoyin danƙon da ke ɓoye cikin filastik.

Yadda danƙo ke tare fashewa

Danƙo da filastik ba sa narkewa cikin juna, kamar mai da ruwa suke. Idan aka gama su, danƙon yana watsuwa ya zama ƙananan ƙwayoyi a cikin filastik. A HIPS girman ƙwayar yana tsakanin mikromita 1 zuwa 5. Mikromita kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, kuma silin gashin mutum yana kai mikromita 50 zuwa 100.

A filastik zalla, bugu yana neman wuri ɗaya mai rauni, ko ƙarzuwa ko ƴar kumfar iska, ya tattara ƙarfinsa duka a can. Tsaga ɗaya ta buɗe, ta ratsa kayan cikin ƙiftawar ido. A gami kuwa kowace ƙwayar danƙo wuri ne mai taushi, kuma matsin da ke kewaye da ƙugunta yana kai kusan ninki biyu na sauran jikin. Maimakon wuri ɗaya, sai miliyoyin wurare su fara saki a lokaci guda. A 1965 masu bincike biyu a Ingila, Bucknall da Smith, sun nuna da madubin ƙara girma cewa a HIPS abin da ke fitowa daga jikin ƙwayoyin ƙananan tsattsage ne waɗanda ba su buɗe gaba ɗaya ba: bakin kowace tsaga yana ɗinke da siraran zaruruwan filastik da suka miƙe suna riƙe gefe da gefe. Miƙar da waɗannan zaruruwa yana cin ƙarfin bugun. Kowace ƴar tsaga kuma kafin ta yi nisa sai ta ci karo da wata ƙwayar danƙo ta tsaya.

A filastik masu ɗan sauƙin hali, kamar nailan, PVC da polipropilen, hanyar ta ɗan bambanta. Ƙwayar danƙo tana fara yagewa daga cikinta, ƙaramin kogo ya buɗe. Wannan kogo yana sassauta matsin da ya danne filastik ɗin da ke kewaye, sai filastik ɗin ya samu damar zamewa da miƙewa maimakon karyewa. A nan ma ba danƙon ne ke shanye yawancin bugun ba, filastik ɗin ne. Danƙon yana buɗe masa hanya ne kawai.

Ana iya ganin alamar wannan aiki da ido. Idan aka lanƙwasa gwangwanin yawut na roba ko murfin gefen moto, wurin lanƙwasar yana yin fari. Farin nan haske ne ke watsuwa a kan dubban ƙananan koguna da tsattsage. Alama ce cewa kayan ya shanye bugu a wurin, kuma alama ce cewa wurin ya riga ya kashe wani kaso na juriyarsa.

Ƙulli kaɗan, ƙulli da yawa

Tarihin HIPS kansa darasi ne a kan ƙulli. A 1927 Ivan Ostromislenski, masanin sinadarai ɗan Rasha da ya koma Amurka, ya samu takardar mallaka a kan narkar da danƙo cikin ruwan stiren sannan a bar stiren ɗin ya zama polistiren. Abin da ya fito yana jure bugu, amma danƙon ya zama raga guda da ta mamaye jikin duka, don haka ba ya narkewa yadda za a zuba shi a mazubi. Kamfanin Dow ne ya warware matsalar, da takardar mallaka ta 1954: a riƙa juya gamin da ƙarfi yayin da yake dahuwa. Da juyawar, akwai lokacin da al'amarin ke kifewa, polistiren ya zama shi ne jiki, danƙon ya tsinke ya zama ƙwayoyi. Kowace ƙwaya kuma tana haɗiye ƴan guntayen polistiren a cikinta, abin da ke kumbura ta. Da haka danƙo kashi 7 ko 8 cikin 100 yake mamaye kashi 20 zuwa 30 na jikin kayan. A ƙarshen aikin, sa'ad da zafi ya haura digiri 200, zaruruwan danƙon suna ƙulluwa da juna. A nan ne masana'anta ke sa ido.

Idan ƙullin bai isa ba, ƙwayar ba ta da abin da ke riƙe siffarta. Lokacin da aka narkar da filastik ɗin aka tura shi da ƙarfi ta cikin injin zubi, ƙwayoyin suna yagewa, ko su miƙe su zama zare-zare, ko su haɗe da juna su zama manyan dunƙule. Girman da aka wahala aka daidaita ya lalace, kuma kayan da aka zuba yau ba zai yi daidai da na gobe ba. Ban da haka, danƙon da ba a ƙulle ba ba ya iya riƙe nauyi: idan kogo ya buɗe a cikinsa, zaruruwan suna zamewa, kogon ya ci gaba da faɗaɗa har ya zama mafarin babbar tsaga.

Idan ƙullin ya yi yawa, matsalar ta juya. Ƙwayar tana yin tauri, mizanin daskarewarta yana hawa sama, ta daina zama wuri mai taushi. Ba ta yagewa daga ciki a kan lokaci, don haka filastik ɗin da ke kewaye ba ya samun sassauci, sai ya karye kafin ya miƙe. Ƙwayar da aka ƙulle fiye da kima ta kusa zama tsakuwa a cikin tuwo. Ƙarfin ja da tauri suna iya ɗan ƙaruwa, amma juriyar bugu tana faɗuwa, musamman a sanyi da kuma bugu mai sauri.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wurin da ake nema: ƙullin da ya isa ya riƙe siffar ƙwaya a cikin inji, ya kuma bar danƙon ya yage daga ciki da wuri, sannan zaruruwansa su miƙe su ƙara tauri yayin da ake jan su, su hana kogon wuce iyaka. Shi ya sa idan aka zana juriya a kan yawan ƙulli, layin yakan hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Ƙarfi kuwa yakan ci gaba da hawa a hankali. Wurin da ƙololuwar take ya danganta da irin filastik ɗin, da irin danƙon, da zafin da za a yi amfani da kayan a ciki.

Girman ƙwaya da mannewa

Ƙulli ba ya aiki shi kaɗai. Dole ƙwayar ta manne da filastik ɗin da ke kewaye da ita, in ba haka ba bugu zai ɓamɓare ta ya bar rami. A HIPS da ABS ana samun mannewar ne ta hanyar dasa zaruruwan filastik a jikin zaruruwan danƙo tun a tukunyar haɗi, kamar yadda ake auren reshen mangwaro da wani tushe. ABS, wanda kamfanin LEGO ke yin tubalan wasan yara da shi tun 1963, yana da ƙwayoyin polibutadiyen da yawancinsu ba su kai mikromita 1 ba, kuma ana ƙulle su tun kafin a gama su da filastik, don girmansu ya tsaya yadda aka tsara.

A nailan, kamfanin DuPont ya fito da Zytel ST a tsakiyar shekarun 1970, inda aka sa wa danƙon wani sinadari da ke kama zaruruwan nailan. Juriyar bugunsa ta ninka ta nailan zalla fiye da sau 10. A 1985 wani mai bincike na kamfanin, Souheng Wu, ya nuna cewa abin da ya fi muhimmanci a wannan gami shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya: idan ta sauka ƙasa da wajen mikromita 0,3 gamin yana juyewa daga mai gautsi zuwa mai juriya. Ƙwayoyi ƙanana masu yawa sun fi manya ƴan kaɗan, ko da nauyin danƙon ɗaya ne. Polistiren kuwa ya fi son ƙwayoyi manya-manya. Kowane filastik da girman da ya dace da shi.

Idan danƙon ya fi yawa

Akwai wani dangin gami inda danƙo ya kai rabi ko fiye, kuma a nan cikakken ƙulli ake so. Dabarar ita ce a ƙulle danƙon a daidai lokacin da inji ke murza shi tare da narkakken filastik. An fara samun takardar mallaka a kan wannan dabara a 1962, amma Aubert Coran da Raman Patel na kamfanin Monsanto ne suka kai ta ga kasuwa, da gamin polipropilen da danƙon EPDM wanda aka fara sayarwa a 1981 da sunan Santoprene. Tun 2021 kamfanin Celanese ne ke da shi.

Yayin da danƙon ke ƙulluwa, murzar injin tana daddatsa shi zuwa ƙwayoyi masu mikromita 1 zuwa 2, kuma da yake sun ƙullu ba sa iya sake haɗewa. Polipropilen, duk da ƙarancinsa, shi ke zama siririn bango da ya kewaye kowace ƙwaya. Sakamakon abu ne mai taushi da dawowa kamar danƙo, amma yana narkewa a zuba shi kamar filastik. A gwaje-gwajen da Coran da Patel suka wallafa a 1980, ƙulle danƙon ya ninka ƙarfin gamin fiye da sau 4, ya ƙara miƙewarsa, ya kuma rage yadda yake saki bayan an ja shi. Sun nuna kuma cewa idan ƙwayoyin suka yi girma, ribar tana zubewa. Da irin wannan gami ake yin robar bakin gilashin mota, da marfin gaɓoɓin sitiyari, da mariƙin kayan aiki mai taushi.

Zaɓen sinadarin ƙulli yana da nasa tarko. Peroksid yana ƙulle EPDM, amma a lokaci guda yana tsinka zaruruwan polipropilen. Idan aka zuba da yawa, danƙon ya ƙullu, bangon da ke riƙe shi kuma ya yi rauni.

Yadda ake aunawa

Ana auna yawan ƙulli ta hanyar jiƙa gamin a cikin ruwan sinadari irin su toluwen. Filastik ɗin da duk danƙon da bai ƙullu ba suna narkewa, ragar kuwa tana shan ruwan ta kumbura. Raga mai ƙulli kaɗan tana kumbura sosai, mai ƙulli da yawa tana kumbura kaɗan. Lissafin da ke haɗa kumburi da yawan ƙulli, Paul Flory da John Rehner ne suka tsara shi a 1943, kuma har yau da shi ake aiki.

Juriya kuma ana auna ta da guduma mai lilo. Ana yi wa ɗan sandan filastik tsaga da gangan, a saki gudumar ta buge shi, a duba nawa ne daga ƙarfin lilon ya ragu. Gwajin iri biyu ne: na Bafaranshe Georges Charpy, na 1901, da na Baturen Ingila Edwin Izod, na 1903. Ƙarfin ja kuwa inji ne ke jan sandan a hankali har ya tsinke. Gami ɗaya yana iya cin wannan gwaji ya faɗi wancan.

Rana tana ci gaba da ƙulli

Wannan batu ya shafi ƙasashen Sahel kai tsaye. Polibutadiyen da ke cikin HIPS da ABS yana da gaɓoɓi masu saurin kama iskar oksijen. Hasken rana da zafi suna hanzarta wannan, kuma sakamakon shi ne danƙon da ke kusa da fatar kayan yana ci gaba da ƙulluwa har ya sandare. Ma'aunin da masana'anta ta daidaita sai rana ta tura shi gefen ƙulli mai yawa. Fatar tana yin rawaya ko toka-toka, ta yi gautsi. Ko da cikin yana nan lafiya, tsagar da ta fara daga busasshiyar fata tana shiga da sauri ta ratsa shi. A inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, murfin moto ko hular kwano da ke yini a rana suna tsufa da wuri. Saboda wannan rauni ne aka ƙirƙiro ASA, ɗan'uwan ABS da aka sauya wa danƙo da na akrilat, kuma saboda shi ne ake zaɓar EPDM a kayan waje, don dogon zarensa ba shi da waɗannan gaɓoɓi.

Kujerar roba da ke karyewa bayan ta daɗe a tsakar gida, hanyarta daban ce. Yawancinsu polipropilen ne, kuma rana tsinka zaruruwansa take yi. Yawan garin alli da ake ƙarawa don rage kuɗi yana ƙara mata gautsi. Sanyi ma yana da tasa ɓarnar: polipropilen zalla yana daskarewa a kusa da digiri sifili, shi ya sa wasu robobin ke fashewa a hannun masu sayar da ƙanƙara, alhali mai ɗauke da danƙon etilen da propilen yana jurewa. Bangon cikin firigo kuwa, wanda galibi HIPS ne, maiƙo da man girki suna taimaka wa ƙananan tsattsagensa su buɗe, don haka goge mai daga jikinsa yana ƙara masa kwana.

Tsohuwar taya da sake narkarwa

Danƙon da aka ƙulle ba ya narkewa. Idan aka matsa masa wuta ƙonewa yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar taya ake yanka ta a yi takalmi ko igiya, robar cikinta kuma a ɗinka guga, amma ba a zuba ta a mazubi. Ana niƙa taya a zuba garin cikin filastik, sai dai ƙwayar garin tana kai ɗaruruwan mikromita, ta riga ta ƙullu sosai, kuma ba ta manne da filastik. Idan ba a sa sinadarin da zai haɗa su ba, ƙarfi da miƙewa duka suna raguwa.

Haka nan idan masu sake narkar da roba suka gama polietilen da polipropilen da polistiren a tukunya ɗaya. Su ma ba sa narkewa cikin juna, kuma iyakar da ke tsakaninsu ba ta da riƙo. Kowace narkarwa kuma tana ƙara ƙulle danƙon da ke cikin HIPS da ABS, tana tsinka zaren polipropilen. Bokitin da aka yi da irin wannan gami yana iya yin kauri da nauyi, ya fashe a faɗuwar farko. Tsince roba iri-iri kafin a niƙa shi ne mataki mafi arha na kare ingancinta.

Abin da mai saye zai duba

Ba a ganin ƙulli da ido, amma akwai alamu. A ƙarƙashin kaya da yawa akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku: 2 polietilen mai kauri irin na bido, 3 PVC, 5 polipropilen, 6 polistiren. A bayan kayan mota da na lantarki ana buga haruffa kamar ABS, PS-HI ko PP+EPDM, kuma suna da amfani ga mai gyara, don parshok na PP+EPDM ba ya kama liƙi da sandar ABS. Roba mai juriya idan aka ɗan lanƙwasa gefenta tana bayarwa ta dawo, mai gautsi kuwa tana ƙara. Fatar da ta koɗe, ko take barin gari a yatsa, ta riga ta sha rana. Araha ba ta ado, kuma nauyi ba shaidar inganci ba ne, don alli ya fi filastik nauyi.

Inda abin ya fi tsanani shi ne hular kwano. Ɓawonta galibi ABS ne ko polikarbonat, cikinta kuma soson polistiren ne da ke murƙushewa sau ɗaya don ya shanye bugu. Hular da ta taɓa shan mummunan bugu, ko ta yi farin tabo, ko fatarta ta koɗe ta fara tsattsagewa, ta riga ta kashe juriyarta ko da ba ta rabe biyu ba. Masu ƙera ta suna ba da shawarar a sauya ta bayan kowane hatsari, kuma ajiye ta a inuwa maimakon rataye ta a kan moto cikin rana yana ƙara mata kwana.